Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Lacca ga matasa masu zane a kwamfuta, a Garwa

 

Na san waɗanda suka gayyace ni sun zaci da kwamfuta da majigi zan zo. Sai ga ni da kwali cike da ƙaiƙayi, da tukwane uku a ciki. Har mai tsaron ƙofa ya nuna mini hanyar madafa, ya ɗauka kayan girkin taro na kawo. Ga su nan a kan tebur. Ku bar su tukuna, za mu zo kansu.

Ni ɗan sana'arku ne. Na fi shekara goma ina zaune gaban CorelDRAW da Photoshop: katin biki, kalandar Maulidi, allon shago, hoton ɗan takara da aka goge masa ƙuraje har uwarsa ba za ta gane shi ba. Kun tuna watan Janairun 2022, da aka buga gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, ranar 11 Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, ranar 23 kuma Tunisiya ta sallame ta. A wannan watan ban yi barcin kirki ba, kowane mai shago yana son allo sabo. Cikin ayyukan da suka shigo har da na wani gidan abinci da ke son tambari mai hoton randa. Na zauna a Blender na gina randar, na sa mata haske da inuwa, ta yi kyau har ni kaina na yi ta kallonta. Da na je gida na nuna wa goggona a waya. Ta kawo wayar kusa da ido, ta mayar nesa, ta ce, "Wannan ai ba ta zama. In ka ajiye ta za ta kife. Bakinta kuma moɗa ba za ta shiga ba. Wa zai sha ruwa a nan?" Ta miƙo mini wayata ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Daga baya na gano cewa wannan abin kunya gado ne a sana'armu. A 1975, a Jami'ar Utah ta Amurka, wani mai bincike, Martin Newell, yana neman abin da zai gwada lissafin zane mai tudu da kwari a kwamfuta, sai ya ɗauki butar shayin tangaran ta gidansa ya zana ta, ya shigar. Butar nan ta zama abin gwaji ga masu wannan ilimi a duk duniya, har ta leƙo a fim ɗin Toy Story na 1995. To, yadda Newell ya fara shigar da ita, ba ta da gindi. Tunda daga sama da gefe za a kalle ta, me za a yi da gindi? Wato kakar duk abin da muke ginawa a allo kayan magina ce, kuma da a ce an zuba mata shayi, a ƙafar mai zubawa zai ƙare.

Maganar goggo ta tsaya mini a rai. Wata Lahadi na hau babur na tafi kasuwar Pituwa, wajen masu tukwane. Kun san wurin: randuna a jere, abin da Fulani ke kira loonde, da tukwanen miya, fayannde, da abin da masu Faransanci ke haɗawa duka su kira kanari. Na yi ta tambayar wa ya gina wannan, wa ya gina waccan, har aka haɗa ni da wata tsohuwa a wani ƙauye da ke bayan duwatsun nan. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ta ba ni izini ba. Dada nake kiranta, ita kuma tana ce mini ɓingel am, ɗana.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Namiji da ginin tukunya? A ƙasar nan tamu aikin mata ne. A wajen Mafa da Kapsiki na duwatsun Mandara, da Dowayo na wajen Poli, ba ma kowace mace ba, sai matan gidan maƙera, kuma sauran jama'a ba sa auratayya da su. Na ce mata a Kano maza suna gini. Ta ce, "To ka tafi Kano." Sai da na yi zuwa uku, da goro da sukari, kafin ta nuna mini turmi.

Turmi fa, ba yumɓu ba. Mako biyu ina dakan tsingaro. Fasassun tukwane ake tarawa a daka su, a tankaɗe, a cuɗa garin cikin sabon yumɓu. Da farko na ɗauka wahalar da ni take yi don in gudu. Ashe yumɓu zalla yana da maiƙo, yana riƙe ruwa, in ya zo bushewa sai ya tsuke ya tsage. Garin tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, shi ke riƙe jikin tukunya, shi ke buɗa wa tururi hanyar fita. Nawa ake zubawa? Na tambaya, da littafina a hannu. Ta ɗebi curi ta murza shi kamar igiya, ta naɗa a yatsa, ta duba ko ya tsattsage, ta ɗan sa a haƙori ta ji ƙasa-ƙasarsa. Ta ce, "Haka." Ni da na saba a ce mini ja kashi kaza, shuɗi kashi kaza, na rubuta "haka" a littafi na rufe.

Akwai wata mai bincike daga Beljiyam, Hélène Wallaert, da ta zauna da magina a wannan yanki namu, ta wallafa abin da ta gani a 2001. Ta kwatanta yadda ake koyon gini a wajen Dii da Duupa da Dowayo, da yadda ake koyonsa a wajen Fali. A wajen na farkon, yarinya tana tashi a gindin uwarta, ta yi shekaru tana ɗebo yumɓu da itace, tana kallo, ba a son yawan tambaya, in ta fara gini kuma sai ta yi daidai da na uwa. A wajen Fali an fi sakar wa mai koyo mara, ya gwada, ya ɓata, ya sake, kuma ba a ƙin sabon fasali. Da aka zo batun gwada abin da ba a saba ba, maginan Fali sun fi saurin cewa bari mu gani. Da na karanta wannan sai na ga kanmu. Mu 'yan YouTube ne, ba wanda ya taɓa hana mu tambaya, ba wanda ya taɓa sa mu maimaita layi ɗaya sau ɗari. Ƙarfin hali muna da shi har ya yi yawa. Hannu ne ba mu da shi. Ina ganin da za a sa kowane ɗayanmu wata shida yana abu ɗaya a gaban wanda ya fi shi, ba tare da ya ce uffan ba, da allunan shagunan garin nan sun fi haka kyan gani. Wannan ra'ayina ne, wanda bai yarda ba ya riƙe tambayarsa zuwa anjima.

Ginin kansa ba zan daɗe a kai ba, don baki ba ya koyar da shi. Dada tana kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka don kada ya manne, ta ɗora faifan yumɓu a kai, ta yi ta bugawa a hankali har ya sauko ya rufe rabin tukunyar. Ta bar shi ya sha iska, ta cire, ta juyo shi, ga gindi ya samu. Daga nan sai ta riƙa murza yumɓu tana ɗorawa zagaye-zagaye, hannu ɗaya a ciki yana tarewa, ɗaya a waje yana shafewa, har ta kai wuya. Ba ta kallon kaurin bango. Da yatsu take jinsa. Ni kuwa nawa, gefe ɗaya kamar katangar gidan sarki, ɗaya gefen kamar ganyen albasa.

Inda nake so mu zauna shi ne wajen zane, don nan na zo da girman kai, nan kuma aka sauke mini shi.

Da na samu tulu ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, sai na ce yanzu aka zo fagena. Na koma gari na zauna a kwamfuta na tsara ado: dagi goma sha biyu a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa, da layuka sama da ƙasa. Na buga a takarda. Sai aiki ya taso a shago, ga Juma'a, ban koma ƙauye ba sai bayan kwana uku. Watan Maris ne, kun san yadda ranar Garwa take, ma'aunin zafi yana haura 40. Na tarar da tuluna ya bushe ƙarau, ya yi fari. Na sa tsinke zan ja layi, sai ɓarɓashi ke tashi, bakin layin yana ɓantarewa kamar an ci da haƙori. Na ce bari in yayyafa ruwa ya yi laushi. Kafin Dada ta ce kada, na yayyafa. Bai jima ba tsaga ta fito daga kafaɗa har ciki. Wallahi a wannan lokacin yatsun hannuna na hagu sun motsa da kansu suna neman Ctrl da Z. Dada ta dube ni, da Hausarta ta kasuwa, ta ce, "Ba ku Hausawa kuka ce tun ran gini tun ran zane ba?"

Na sha jin karin maganar nan tun ina yaro, ina ɗauka nasiha ce kan tarbiyya ko kan yin abu da wuri. Ban taɓa sanin bayanin aiki ba ne, dalla-dalla. Ruwan da ke cikin yumɓu fita yake yi tun daga lokacin da ka ɗauke hannu, kuma kowane irin ado yana da nasa lokacin a cikin wannan fita. Yana da taushi ake mirgina igiya murɗaɗɗiya ko totuwar masara a kafaɗar tukunya, ta bar sawu. In ya ɗan yi tauri kamar fata, ya daina manne wa yatsa amma farce yana shiga, lokacin jan layi da tsinke ke nan. In ya ƙara tauri sai a shafa jar ƙasa da aka dama, a bi da dutse mai santsi ko 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, a yi ta gogawa har ya ɗauki ƙyalli. In ka makara a ɗaya, ya wuce. In ka yi gaggawa, ya caɓe. A lokacin hunturu, da iskar nan mai busar da leɓe, tsakanin wannan mataki da wancan bai fi ka je ka yi salla ka dawo ba, shi ya sa za ka ga an lulluɓe bakin tukunya da jiƙaƙƙen tsumma.

Mu kuwa a Photoshop hawa-hawa muke aiki, kowane abu a kan shimfiɗarsa. Ka ga dama ka sa launi yau, ka canza shi bayan wata guda, ka ɗauke na ƙasa ka mayar sama. Wannan ni'ima ce, ban raina ta ba. Amma ta koya mana ɗage shawara. Mukan fara aiki ba mu san inda za mu ba, don mun san ƙofar komawa a buɗe take. Nawa ne a cikinku ke da fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", da "na ƙarshe wallahi"? Na ga hannuwa. Nawa ma yana sama.

Tulu na biyu na tsaya a kansa ban matsa ba. Na naɗa takardata a jikinsa, sai wata matsalar ta fito. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, tulu kuwa yana faɗi a ciki yana tsukewa a wuya, sai takardar ta yi ta tattarewa. Na zagayo da dagina, na goma sha biyu ya zo ya hau kan na farko. Dada ta karɓi tsinken. Ta ɗiga alama a gabanta, ta leƙa ta ɗiga wata a daidai bayanta, ta raba tsakaninsu dama da hagu, huɗu ke nan, ta sake rabawa, takwas. Babu ma'auni, babu takarda. Kowane gida ta cika shi da abin da zai ɗauka, in wani ya ɗan fi wani faɗi sai ta buɗa layin kaɗan, ido ba ya kamawa. Daga jikin tulun ta fara ta nemo adon. Ni kuwa na zo da ado ina neman jikin da zan tilasta wa.

Sannan ta hana ni goge cikin randa, wato tumbinta. Ni a ganina in an goge ko'ina ya yi ƙyalli, ya fi kyau a hoto. Ta ce, "Randar da ba ta gumi, ba randa ba ce." Jikin gasasshen yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa waje, iska tana ɗauke shi, tana tafiya da zafin. Guga tana toshe ƙofofin nan. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya karɓi kyautar Rolex a 2000. Sawun igiyar nan ma na kafaɗa, da nake ɗauka ado ne kawai, ku gwada ɗaga tulu mai santsi da jiƙaƙƙen hannu, za ku gane amfaninsa.

Ban ce duk ado don amfani ake yinsa ba. A 1988 Nicholas David da Judy Sterner da Kodzo Gavua sun wallafa bincike kan dalilin da ya sa ake yi wa tukwane ado, bisa abin da suka gani a wajen Mafa da Bulahay. Suka ce a can ana ɗaukar tukunya kamar mutum, ana yi mata ado a inda ake yi wa jiki, don kariya, kamar yadda ake ɗaura wa yaro abu a wuya ko a ƙugu. Al'adarsu ce, ba tamu ba, amma ku saurari bakinmu: tulu yana da baki, yana da wuya, da kafaɗa, da ciki, da gindi. Malamai kuma sun fi ni sanin aya ta 14 a Suratur Rahman, inda aka kwatanta ƙasar da aka halicci mutum da ita da gasasshen yumɓu. Na bar musu wannan fagen.

Ranar gashi da yamma ake yi, in iska ta kwanta. Babu tanderu. A fili ake shimfiɗa itace da busasshen kashin shanu, a kifa tukwane a kai, a rufe da karan dawa da ciyawa, a cinna. Wutar ciyawa ce, amma waɗanda suka auna irinta a Kamaru sun samu tana kaiwa tsakanin 600 da 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma cikin ɗan lokaci. In da sauran danshi a jikin tukunya, da zafin ya wuce 100 sai danshin ya zama tururi ya fasa ta. A wajen 573 kuma yashin da ke cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya, nan ma wasu ke tafiya. Kana tsaye kana jin tas, tas, daga cikin wuta, ba ka san ta wa ce ba. Dada ko a jikinta. Ni kuwa kowace ƙara sai cikina ya ba da ƙululu. Da sanda mai tsawo ake zaro su da zafinsu, a yayyafa musu ruwan bagaruwa, su yi cuu, su ɗauki duhu. Na sa bakwai, uku suka fito. Inda kara ya kwanta a jikin ɗaya ya hana iska shiga, sai ya bar baƙin gajimare a kan jan. Na yi shekaru ina neman irin wannan launi a kwamfuta ban samu ba, ga shi wuta ta ba ni ba tare da ta tambaye ni ba.

Shi Nicholas David ɗin da na ambata, tun a 1972 ya wallafa ƙidayar da ya yi a ƙauyen Be, nan gabas da mu, kan tsawon ran tukwane a gidajen Fulani. Tukunyar girki ta yau da kullum ba ta cika wuce shekara biyu da rabi zuwa uku ba, manyan randunan da ke zaune wuri ɗaya kuwa suna haura shekara goma. Za ku ce gajeren rai ne. To, ina da ayyukan da na yi shekara takwas da suka wuce, suna cikin faifan da ya ƙi buɗewa, sun tafi ko ƙura ba su bari ba. Tukwanen mutanen Sao na da kuwa, da Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara tonowa a ƙasar Kotoko a shekarun 1930, sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa, sawun yatsun maginansu yana nan. Huɗun nan nawa da suka fashe ma ba su tafi ba. Dada ta tura mini su da ƙafa, ta nuna turmi.

Kada in bar ku da labari mai daɗi zalla. Sana'ar nan tana jin jiki. Garwa, ta ƙarfe nake nufi ba garinmu ba, ta fara korar tulu daga rafi, jarka ta zo ta ƙarasa. Tukunyar dalma ta karɓe murhu. Jikokin Dada ba mai son gado, kuma ban ga laifinsu ba: ka haƙa, ka daka, ka gina, ka gasa, ka ɗauka zuwa kasuwa, a taya randa kuɗin da bai kai na katin waya na mako ba, wasu kuma har yau suna yi wa mai gini kallon ƙasa-ƙasa. Abin da ya rage da kasuwa shi ne randa, saboda in an ɗauke wuta firji akwati ne, sai kaskon turaren wuta na amare, da tanda, da asusu, da tukunyar fure.

Me ɗan kwamfuta zai iya kawowa? Kaɗan ne, kuma sai da ladabi. A Turai akwai masu gina yumɓu da na'urar ɗab'i, irin su Jonathan Keep a Ingila, amma abin da na'urar ta fitar sai ya bushe, sai ya shiga wuta, zai kuma iya fashewa kamar nawa. Ni abin da na iya yi shi ne na tsara ado a kwamfuta, na kai wa masassaƙi ya fiƙe shi a ɗan guntun ice da za a mirgina kamar totuwa. Cikin biyar Dada ta ɗauki ɗaya, ta ce sauran suna cika yumɓu. Ina ɗaukar hoton kayanta in tura a WhatsApp, mai so ya yi oda, kuɗin ya tafi hannunta. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne ku je ƙauye ku ɗauki hoton adon mutane, ku dawo ku mayar da shi tambari ku sayar, mai shi ba ta sani ba. Ku tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta riga ta ƙware a ginin Gwari kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. A can ta koyi na'urar juyi da tanderu, ta ɗauki ƙadangarunta da kunamunta da kifayenta ta kai su kan sabon kaya, kuma da sunanta suka zaga duniya.

Yanzu ga tukwanen. Ta dama ta Dada ce, ta ba ni aro, da sharaɗin ta koma gida ranar Lahadi. Ta tsakiya tawa ce, mai baƙin gajimaren. Ta hagu ma tawa ce, tana da tsagar da ido ba ya gani. Za a zagaya da su. Ku ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa ku kasa kunne, lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ku tallafe su ta gindi da hannu biyu, kada a ɗaga ta baki. Wanda ya saki ta Dada, akwai turmi yana jiransa.

 Bismillah, masu tambaya.